Dutsen da Ke Aljihunka

Zuwa ga Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, ba ni ma da abin da zan rubuta a bayan ambulan. Amma aikin jarida ya ɓata ni, in abu ya dame ni sai na gan shi a rubuce nake sanin abin da nake tunani a kansa. Ka yi haƙuri da ni.

An ɗauki dutsenka. Ranar Litinin Dakta Yohanna, malamin kimiyya a Zariya, wanda muka yi sakandare tare, ya zo gidanka na Hotoro. Ya ciro dutsen daga akwatinsa na katako, ya sa a gwangwanin madara, ya rufe, ya tafi da shi don a auna a gani ko yuraniyom ne da gaske. Ni na roƙe shi ya zo. Matarka Asabe ce ta ce in roƙe shi.

Yara lafiya lau. Asabe ta fita takaba, ta koma rumfarta ta abinci a bakin ƙofar masaƙa a Bompai, wadda ta buɗe lokacin da kake tsare. Ka tuna yadda ake layi a wurin in an busa jiniyar tashi. Yanzu tana dafa shinkafa da wake da sassafe, ta kai, ta zauna har la'asar, ta dawo da ita kusan yadda ta tafi. Ma'aikatan sukan gaishe ta da ladabi, su yi maka addu'a, sannan su wuce rumfar gaba. Zancen da ke gari shi ne dutsen nan ne ya kashe ka, kuma tunda ya yi shekaru a gidan, gubarsa ta shiga tukwane da ludayi da ruwan randa. Da wannan rumfa ake ciyar da gidanka, Yaya. Ba ka bar wata hanya ba, albashina kuma ka san iyakarsa.

Ina so in bi abin daga farko, ko zan gane inda muka kauce.

Ni ina aji biyu a sakandare ka fara aiki a kamfanin fata a Challawa. In na zo hutu a ɗakinka nake kwana, kuma warin jima ba ya barin tabarmarka ko an shanya ta. A nan na fara ganin abin da ɗaukewar wuta ke yi wa mutum. Gangunan da ke juya fata su tsaya cik, fatun su kwana a cikin ruwan magani, da safe a tarar sun lalace. Sai a ce babu aiki yau, kowa ya tafi gida, kuma ranar ba ta shiga lissafin albashi. Haka a masaƙun Bompai, haka a kamfanonin roba na Sharada. Mutumin da ya baro ƙauyensu a Gumel ko Damagaram ya zo neman aiki, sai ya zauna a gindin katanga yana jiran ƙwan fitila ya kama. Kan wannan ka shiga ƙungiyar ƙwadago, kan wannan suka zaɓe ka shugaba. Da aka buɗe siyasa kuma, su ne suka yi maka karo-karo suka buga hotunanka, suka tura ka majalisa a Legas. Ban taɓa shakkar wannan ɓangare na rayuwarka ba, kuma ba wanda zai sa in yi shakkarsa.

A Legas aka sa ka a kwamitin makamashi. Ba a daɗe ba wani kamfanin Turawa mai gina tashoshin nukiliya ya gayyaci 'yan kwamitin zuwa ƙasarsu. Aka zaga da ku, aka sa muku fararen riguna da huluna, aka nuna muku gari guda da ba a taɓa ɗauke masa wuta ba. Ranar dawowa aka ba kowannenku ƙaramin akwati na katako, da jan ƙyalle a ciki, da dutse a kai, launin toka mai ɗan ratsin rawaya, bai fi ƙwan kaza ba. Sauran 'yan kwamitin suka ajiye nasu a kabad suka manta. Kai ka jefa naka a aljihun babbar riga ka kamo hanyar Kano.

Ina wurin ranar da ka fara fito da shi, a ƙofar wani kamfani a Sharada, daidai lokacin da 'yan aikin safe ke fita 'yan aikin yamma ke shiga. Ka hau bayan akori-kura, ka ɗaga shi sama, ka ce abin da ke cikin wannan ɗan dutse zai iya juya kowane inji daga Bompai har Challawa, kuma irinsa na nan jibge a ƙasar maƙwabtanmu, mu ne dai ba mu tashi ba. Ka miƙa shi ƙasa ya zaga hannu-hannu. Wasu suka shinshina, wasu suka auna nauyinsa a tafi, wani tsoho ya ce shi dai yana jin ɗumi. Daga ranar ka zama Garba Mai Dutse. Mata suka sa sunan a waƙar zaɓe. Ba taron da za ka je a bar ka ka sauka ba ka nuna shi ba.

Ni na karanta takardun da ka dawo da su daga Turai, kai ba ka karanta ba, ka ce ƙananan rubutu suna sa maka ciwon kai. Na san cewa ko dutsen na gaske ne, sai an niƙa tulin irinsa kafin a tace abin da zai kunna wani abu. Na san gina tasha irin wannan aikin shekaru ne masu yawa, kuma ƙasar da ta kasa gyara turakun wayar wuta ba da nan za ta fara ba. Amma ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. A ranar nan ta Sharada, da na ga mutum ɗari-ɗari sun yi shiru suna kallon hannunka, na ji alfahari ƙwarai. Yayana ne wannan, wanda ya sha warin jima don in yi karatu. Na koma ofis ban rubuta komai ba, edita ma ya ce labarinka ba nawa ba ne, tunda jini ɗaya muke. Na ji daɗin wannan hukunci ƙwarai.

Daga nan kamfanin Turawan ya buɗe reshe a ƙasar nan, aka sa sunanka cikin daraktoci. Aka ba ka mota, aka kama ofis a Nassarawa da allo a ƙofa. Kai kuma a majalisa kana tashi kana neman a ba su kwangilar binciken wurin da za a kafa tasha. Da na ce maka wannan kujera biyu ba ta zaunuwa ga mutum ɗaya, ka yi dariya ka ce mu 'yan jarida mun fi son a zauna a duhu muddin hannun kowa a wanke yake. Ka ce in dai wuta za ta zo Challawa, ko shaiɗan ne ya kawo injin za ka taya shi saukewa. Ban sake tayar da zancen ba. Kai ma ba ka sake kawo mini takardu in karanta maka ba.

Ba a haƙa ko rami ɗaya ba har sojoji suka karɓi mulki. Kafin wata ya ƙare Turawan sun kwashe kayansu, an cire allon Nassarawa, an mai da ofishin kantin magani. Kai aka tafi da kai tare da sauran 'yan majalisa. Aka bincike ka aka sake bincikawa, ba a sami gida a Landan ba, ba a sami komai ba sai wannan darakta da motar, motar kuma aka karɓe. Ka fito ƙafafu a kumbure. Likita ya ce ƙoda ce, da hawan jinin da aka bari ba magani tsawon zamanka a can. Ina da takardarsa, na karanta ta sau da yawa. Babu dutse a ciki.

Rashin sa'armu shi ne lokacin. Kana kwance aka yi haɗarin nan a wata tashar nukiliya a ƙasar waje. Mako-mako rediyo ba ta da wani labari. Guba tana tafiya a iska, an zubar da madara, an hana cin ganye, an kwashe mutanen gari guda. Ni da hannuna na fassara wasu daga cikin waɗannan labarai, kuma gaskiya ne, yau ma haka zan fassara su. A majalisun shayi na Bompai da Zawaciki kowa ya saurara, kowa kuma ya tuna cewa ya taɓa riƙe dutsen Garba a tafin hannunsa.

Sannan masu zuwa dubiya suka ga abin da suka gani. Tunda likita ya hana ka yawan motsi, ruwa kuma yana sa ka rawar sanyi, taimama kake yi. Da dutsen nan kake yi. Yana gefen matashinka, in lokacin salla ya yi ka dafa shi, ka shafi fuska, ka sake dafawa, ka shafi hannaye. Mutum ya shigo gaishe ka ya tarar da kai kana shafa abin da rediyo ta ce yana kashe shanu a fuskarka, kana ramewa kullum. Me kake so ya faɗa in ya fita?

Jana'izarka ta yi jama'a, ba zan rage maka wannan ba. Kamfanoni biyu sun ba ma'aikata izinin fita. Amma abincin sadaka da aka fitar ranar uku, haka aka dawo da kwanukan a rufe. Da aka zo rabon tufafinka, ba wanda ya miƙa hannu. 'Yan'uwanmu na ƙauye, da a da ko tsohuwar hularka rububinta suke yi, suka ce a bar wa yara in sun girma. Rigunan suna nan a adaka. Na ɗauki shuɗiyar nan mai aska biyu na sa ranar Juma'a da gangan, ta yi mini yawa, kuma a masallaci aka bar mini fili dama da hagu kamar wani hakimi.

Na yi abin da na iya. Na rubuta sharhi a shafin ciki, na bayyana cewa ɗanyen dutse daban, abin da ke cikin tasha daban, kuma ko na gaske ne, guntu kamar wannan ba ya sa guba a tukunyar shinkafa. Na kai jaridar da kaina ƙofar masaƙa na ba Malam Idi, heliman mai kula da ma'aikata, wanda kuka yi ƙungiya tare. Ya karanta a tsaye har ƙarshe, ya ninke ya miƙo mini. Ya ce Malam Isiyaku, rubutu ya yi kyau, amma shi tambayarsa ɗaya ce, dutsen nan yuraniyom ne ko ba shi ba ne. In ba shi ba ne, gobe shi zai fara miƙa kwano. In shi ne, to ya ji bayanin ƙanƙanta da yawa, amma cikinsa guda ɗaya ne kuma bai shirya yin gwaji da shi ba. Ban ga laifinsa ba. Na shekara goma sha ina koyon yadda ake cewa abu gaskiya ne amma da sauran bayani, ga shi bakin ƙofar kamfani ba ya karɓar sauran bayani.

Mutum ɗaya ce ke cin abincin Asabe a fili, Madam Rifkatu mai sayar da ƙosai a rumfar kusa. Kullum da rana takan ɗauki kwanonta ta zo ta zauna a bencin gaba inda kowa zai gan ta, ta ci, ta ce a ƙara mata yaji. Tana ce wa masu wucewa su lura da ita da kyau, in ta fara haske da daddare sai su kawo ƙwayayen fitilunsu su jona. Suna dariya, amma ba sa zama.

Da labari ya fita cewa za a kai dutsen awo, Alhaji Tanko ya zo mini ofis da wasu tsofaffin 'yan jam'iyyarku biyu. Ya ce in bar abin yadda yake. A cewarsa yanzu kai shahidi ne, mutumin da ya ɗauko wa talakawa haske a aljihunsa har hasken ya cinye shi, kuma siyasa za ta dawo, sunan nan zai yi wa jama'arku amfani, har da 'ya'yanka. In kuwa aka auna aka ce tsakuwa ce, to ka zama wanda Turawa suka ba dutsen bakin hanya a akwati ya yi shekaru yana yawo da shi, ko kuma, wanda ya fi muni, wanda ya sani ya ci gaba da nunawa. Ya ce abokan hamayya ba za su bar ko kabarinka ya huta ba. Ya ce su za su riƙa taimaka wa gidan. Na tambaye shi ko zai zo ya ci tuwo a gidan gobe, don mutane su gani. Ya ce likita ya hana shi cin abincin waje.

Amma bai yi ƙarya ba, Yaya, kuma wannan ne ya gajiyar da ni. In dutsen na gaske ne, sunanka ya tsira, rumfar Asabe ta mutu. In na banza ne, yaranka za su ci abinci, su kuma girma ana nuna su ana cewa ga 'ya'yan Mai Dutse, da wata irin murya wadda ba irin ta da ba ce. Na kai wa Asabe maganar yadda take, ban rage ba ban ƙara ba, don ita ce za ta zauna da sakamakon.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ba rumfar kaɗai ke hana ta barci ba. Ashe tun kana kwance ta tambayi limamin unguwa a kan taimamar, ba tare da ka sani ba. Ya ce mata dutse kowane iri ya halatta, ko an ɗauko shi daga wani wuri. Amma ma'adinin da aka haƙo aka fitar da shi daga mazauninsa har ya zama haja a hannun mutane, a karatun da ya yi, ba a taimama da shi. Ya ƙara da cewa Allah ya san niyyar mara lafiya, kada ta tayar da hankalinta. Ta ce ta so ta canza maka da wani dutsen, ta kawo ɗaya daga bakin rijiya, ka ce ta mayar, wannan ya isa. Tun daga ranar take ɗauke da abin ita kaɗai. Ta ce Alhaji Tanko yana tunanin abin da za a faɗa a kanka a dandalin zaɓe, ita kuwa tana tunanin sallolin watanninka na ƙarshe. Ta ce a kai shi awo.

Ni duk karance-karancena ban taɓa kallon abin ta nan ba. Kuma tun da ta faɗa, tambaya ɗaya ta ƙi barina. Kai ka yi karatun allo da na zaure fiye da ni, kai kake gyara mini alwala muna yara. Ka san wannan hukunci. To da ka ce mata wannan ya isa, me kake nufi? Ka riga ka sani? Yaushe ka sani? A tsare, da ka ji Turawan sun kwashe kayansu ba ko sallama? Ko tun a Legas wani ya raɗa maka, ka ga cewa mutanen Sharada sun riga sun taɓa shi sun yi murna, ba ka da zuciyar karɓe musu? Ko kuwa ciwo ne kawai, ga dutse a kusa, hannu ya kai? Na zauna a gefenka kusan kullum a wannan lokaci. Muka yi hirar ƙwallo, da farashin taki, da wanda aka saki da wanda ba a saka ba. Dutsen yana tsakaninmu a kan shimfiɗa, ba wanda ya dube shi.

Akwai wani abu kuma da ban faɗa maka ba. Na fi son ka lokacin da kake warin jima. Ba don ka lalace daga baya ba, ban yarda ka lalace ba. Sai dai a wancan lokaci in ka ce wa ma'aikata abu, ka taɓa shi da hannunka, ka san nauyinsa. Daga baya ka riƙa faɗar abin da wasu suka faɗa maka a ɗakin taro mai sanyi, da irin wannan murya, da irin wannan gaskiyar zuciya, kuma mutane ba su da hanyar bambancewa. Ina jin kai ma ba ka da ita. Wutar dai har yau yadda ka bar ta. An rage ma'aikata a masaƙu biyu, kamfaninku na fata yana aiki rabin mako.

Yau da azahar Dakta Yohanna ya bugo waya ofis. Ya ce ya ɗora na'urar awo a kan dutsen, allurar ba ta motsa fiye da yadda take motsi a kan tsakuwar harabar makaranta ba. A ganinsa dutsen gini ne, ratsin rawayan kuma mai yiwuwa fenti. Amma ya ce na'urar tsohuwa ce, kada in buga komai sai ya maimaita da wata, shugaban sashensu ya sa hannu, ya aiko mini a rubuce.

Na rubuta labarin na ajiye. A wannan karon na ce wa edita ni zan rubuta, bai hana ba. Sunanka yana layin farko, haka ma Challawa, haka ma kujerar darakta. Ban yi maka ado ba, ban kuma bar wa Alhaji Tanko ko abokan hamayyarsa abin da za su ƙara ba. In ka ga na yi maka tsauri, ka tuna kai ka biya kuɗin makarantar da aka koya mini hakan.

Da na tashi aiki na biya ta Hotoro na faɗa wa Asabe abin da Dakta ya ce, da sharaɗin da ya gindaya. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito idonta ja, ta auno wake ta jiƙa, fiye da na jiya.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya karɓi sallolinka, ya sa ka huta. Mu ma nan mun gaji, amma muna lallaɓawa. Takardar Zariya dai ba ta iso ba tukuna.

Ƙaninka,
Isiyaku